Faɗuwa Jarrabawa da Horon Zurfafa Ƙwarewa: Ina Mafita ga Sabon Masanin Auna Gani?

A ɗauka ga wani saurayi ɗan Ƙofar Na'isa wanda ya shafe shekara shida yana karatun auna gani a Jami'ar Bayero, har 'yan unguwa sun fara kiransa likita. Da sakamakon jarrabawar ƙwarewa ya fito, sai aka ga bai haye ba. Abokai suka ba shi shawara ya nemi gurbin horon zurfafa ƙwarewa a wani babban asibiti, wai hakan zai rufe masa giɓin. Shin shawarar tana da tushe?

Da farko ya kamata mai karatu ya bambanta masanin auna gani da likitan tiyatar ido. Na farkon shi ne mai gwada ƙarfin gani, ya rubuta tabarau, ya gano cutar ido, ya kuma tura abin da ya fi ƙarfinsa ga na biyun, wanda ke yin aiki kamar cire yanar ido. A Nijeriya, hukumar yi wa masana auna gani da masu haɗa tabarau rajista, wadda Dokar Soja mai lamba 34 ta 1989 ta kafa, ita ce mai ba da izinin aiki. Bayan digiri akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin kulawar manya, kuma wannan wajibi ce kafin cikakkiyar rajista.

Horon zurfafa ƙwarewa wani abu ne daban. Mutum ne da ya riga ya cancanta yake zaɓar fanni guda, alal misali idon yara ko taimakon masu raunin gani, ya ƙara gogewa a kansa. A Amurka, inda wannan tsari ya yi ƙarfi, horon yakan ɗauki shekara guda, kuma ganin dama ne. Jarrabawar hukumar ƙasa kuwa ita ce ƙofar samun lasisi. Wato dai horon ɗori ne a kan gini, ba ya zama harsashi, kuma babu takardar asibitin da za ta maye gurbin rajista.

Me ya sa ake tsanantawa haka? Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin ɗari na makantar, hawan jinin ido kuma wajen kashi 17. Wannan ta biyun ta fi ban tsoro, domin takan cinye jijiyar gani daga gefe ba tare da zafi ba, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Dattijo zai zo neman tabarau na karatu kawai; idan mai duba shi bai auna matsin ruwan ido ba, bai kuma leƙa jijiyar ba, to ya sallame shi da cutarsa. Irin wannan ganewa jarrabawa take gwadawa.

Saboda haka, a ganina, abin da ya kamaci saurayinmu shi ne ya binciki inda ya gaza, a rubutu ne ko a gaban majiyyaci, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan na biyun ne, ya nemi izinin zama kusa da ƙwararru yana kallo yana tambaya, ko da ba a biya, kuma Kano ba ta rasa wuraren ba: ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga tsohon Asibitin Ido na ECWA. Bayan ya haye ya sami rajista, sannan ya duba ko fannin da yake so, musamman koyarwa a jami'a, yana bukatar ƙarin horon.