Wace Makaranta Ta Dace Da Yarinya Mai Wasan Tanis?



Ran Talatar da ta wuce ina cikin kasuwar Mafara, sai wata uwa daga Bakura ta tare ni, ta ce, "Malama, ki raba mini gardama. Ɗiyata ta kusa ƙare sakandare. Ta koyi wasan tanis sa'ad da ta zauna gidan kawunta a Kano, har ta iya. Yanzu ta ce ba ta shiga makarantar da ba fili. Mahaifinta kuwa ya ce in haka ne, to, ta zauna gida." Na ce, "Inna, kada ta zauna, kada kuma ta yar da raket. Ki ba ni mako guda." Ga amsar da na yi alkawari, don na san ba gidansu kaɗai ake wannan ja-in-ja ba.

Abin da za a fara dubawa shi ne ilmi. Wasa na ƙuruciya ne. Gwiwa takan gurɗe, aure yakan zo, haihuwa takan zo, amma takardar shaida tana nan cikin akwati har tsufa. Ku dubi Mayar Sherif ta ƙasar Masar. Sai da ta ƙare Jami'ar Pepperdine a Amurka cikin 2018, sa'an nan a 2022 ta ci gasar Parma a Italiya, ta zama mace ta farko daga Masar da ta ɗauki kofi irin wannan. Haka Althea Gibson, baƙar mace ta farko da ta ci gasar Wimbledon a Ingila cikin 1957, tun 1953 ta karɓi digirinta, har ta yi aikin malanta. Saboda haka, ƙanwata, nemi kiredit ɗinki biyar tukuna, har da Turanci da Lissafi, ki ci jarrabawar JAMB. Ba mai ba ki gurbi don kin iya buga ƙwallo kurum.

Na biyu, tsaro. Mu mutanen wannan yanki ba mu bukatar a yi mana dogon bayani. Ran 26 ga Fabrairu, 1921 ba ce ba, 2021 ce, jiya-jiya, aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe cikin ƙasar Mafara, Allah ya sa aka sako su bayan 'yan kwanaki. A watan Agusta na wannan shekara aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a Satumba kuma aka ɗebi yara fiye da 70 daga makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Uban da ya ce 'yarsa ta zauna gida, sau da yawa wannan tsoro ne ke cinsa, ba ƙiyayyar wasa ba. To, a ba shi amsa da hujja. Makarantar tana da katanga da masu gadi? Filin yana kusa da ɗakin kwanan mata, ko can bakin daji? In za a tafi gasa, da rana ake tashi? Akwai malama mace cikin motar?

Na uku, filin kansa. A nan ni ma na taɓa shan ƙasa. Sa'ad da nake neman kwalejin horon malamai, na ji an ce wata tana da filin tanis, sai na zaɓe ta ban je na gani ba. Da na isa, na tarar siminti ya tsattsage, raga ba ta nan, an baza masara tana shan rana, awaki suna kewayawa. Shekara uku na yi ina buga ƙwallo jikin bangon ɗakin karatu. Zuwa da kai ya fi aike. Ku je da la'asar, lokacin da ɗalibai ke fitowa. Fili na sosai tsawonsa ƙafa 78 ne, faɗinsa ƙafa 36, tsayin raga kuma ƙafa 3 a tsakiya. Ku lura ko 'yan mata ne ke ciki, ko samari sun mamaye shi har magariba. Ku kuma tambaya da kyau, domin a makarantu da yawa in an ce "muna da tanis", ƙwallon tebur ake nufi, wasa ne mai kyau amma dabam yake.

Na huɗu, mai koyarwa da gasa. Yarinyar da ba ta karawa da waɗanda suka fi ta ba ta ci gaba. Jami'o'in Nijeriya suna da gasarsu, watau NUGA, wadda aka fara a Ibadan cikin 1966. Makarantun fasaha suna da NIPOGA, kwalejojin ilmi kuma NICEGA. Ku tambayi ofishin wasanni: yaushe rabonku da kai mace wasan tanis? Wa ke horar da su? Wa ke sayen ƙwallo da raket? In mai ofis ya fara sosa ƙeya, kun sami amsa.

Sa'an nan maganar sutura, wadda na san ita ce ke zukatan iyaye. Ba dole sai da gajeren siket ake tanis ba. Dogon wando mai sakewa, da riga mai dogon hannu wadda ta sauko, da ƙaramin hijabi da ba ya kaɗawa, sun isa. Makarantar kirki za ta yarda da haka, har ta keɓe wa mata sa'arsu.

To, ina za a dosa? A nan gida muna da Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau, wadda aka kafa a Talata Mafara cikin 1992, da Jami'ar Jihar Zamfara ta 2018. Amfaninsu kusa da gida ne, uwa tana iya leƙawa ran kasuwa. A Gusau akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya wadda mata zalla take ɗauka, ga kuma ta jiha a Maru. Wadda take son wasa ya zama sana'arta kuwa, ta dubi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Bayero ta Kano. Dukansu biyu suna da sashen ilmin motsa jiki da kiwon lafiya, inda za ta fito malamar wasanni da digirinta. Kano kuma gari ne da ya daɗe da sanin tanis, can aka saba yin gasar Dala. Kowacce kuka zaɓa cikin waɗannan, ku auna ta da ma'aunin nan da na zana.

Akwai masu mafarkin Amurka. Gaskiya ne tun dokar 1972, wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati nuna bambanci tsakanin maza da mata, jami'o'in can suna ɗaukar nauyin karatun 'yan wasa mata. Amma sai wadda ta yi suna a gasar ƙasa, ta kuma ci jarrabawa. Duk dillalin da ya zo ƙofar gida ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi, a sallame shi.

Daga ƙarshe ina roƙon iyaye mata. Ons Jabeur ta Tunisiya, wadda ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023, mahaifiyarta ce ta fara kai ta fili tana shekara 3. Ba kowace yarinya za ta kai can ba, amma jihar nan tana bukatar malamai mata da za su fitar da 'yan mata su motsa jiki ba tare da an kira namiji ba. Inna ta Bakura, ki karanta wa Malam wannan shafi bayan ya ci tuwon dare, ku sa rana ku je ku ga makarantar ku uku.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya ba su ilmi mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.