Hunturu a hanyoyin Gumel: Yadda robar waifa ke iya jefa fasinjoji cikin hatsari

Ranar Alhamis ce, an idar da sallar asuba a Gumel. A tashar mota fasinjoji sun dunƙule cikin barguna da rigunan sanyi, kowa na son ya isa kasuwar Maigatari kafin ciniki ya kankama. Gilashin gaban motocin da suka kwana a waje ya yi fari fat da ƙura. Direba ya shiga ya tada inji, ya kunna waifa don ta share masa gilashi. Robar ta bi busasshen gilashi tana ƙara. A nan matsalar take farawa.

A Turai da Kanada, abin da ke damun direbobin motocin haya da na rabon kaya a lokacin sanyi shi ne ƙanƙara: ruwa ya daskare a jikin waifa, robar ta manne da gilashi, ko ta sandare ta kasa gogewa. A Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar sanyi ba ya kai wa ga daskarar da ruwa, ko da a tsakiyar watan Janairu ne. Amma sakamakon ɗaya ne: direba yana tafe da rayukan mutane, kuma ba ya ganin gabansa sosai.

Ƙura maimakon ƙanƙara

Iskar hunturu tana kaɗowa ne daga arewa maso gabas, daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris. Kaso mai yawa na ƙurar da take ɗaukowa yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda masana ke sanyawa cikin wuraren da suka fi ko'ina tada ƙura a duniya. Arewacin Jigawa, da ke kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, yana cikin yankunan Najeriya da ƙurar ke fara sauka a kansu. Shi ya sa duk shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke gargaɗin cewa hazo zai rage nisan gani a jihohin arewa.

Wannan ƙura ba gari ba ce kawai. Akwai ɓurɓushin yashi a cikinta, kuma yashi ya fi gilashin mota tauri. Idan aka kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, robar tana jan yashin ne a kan gilashi kamar ana goga masa sanfefa. Da rana tsaka ba a cika lura da zanen da hakan ke bari ba. Sai direba ya fuskanci hantsi a hanyar Hadeja, ko fitilar tirela ta haske shi da dare, sannan zanen ya watsa hasken, gilashi ya koma fari.

Ita ma robar tana shan wahala. Zafin bazara ya gasa ta, damina ta wuce, sannan bushewar iskar hunturu ta ƙarasa ta: ta yi tauri, bakinta ya tsattsage. Direbobi da yawa ba sa tunawa da waifa sai hadari ya haɗo, don haka motar takan shafe hunturu da robar da ta gama aiki tun watan Satumba. Idan ta yage gaba ɗaya, ƙarfen da ke riƙe da ita ne zai dinga kartar gilashi, kuma kuɗin sabon gilashi ya ninka na roba sau da yawa.

Gumin cikin mota

Matsala ta biyu daga ciki take tasowa. Da sanyin asuba an cika mota maƙil, an rufe tagogi ruf saboda tsofaffi da ƙananan yara. Numfashin mutane yana ɗauke da danshi, kuma idan ya taɓa gilashi mai sanyi sai ya zama raɓa ta ciki, wadda waifa ba ta isa gare ta. Direba sai ya kai hannu ko hula ya share, maiƙon hannu ya haɗu da ƙura, gilashin ya ƙara dusashewa.

Abin lura shi ne yawancin Sharon da Golf da ake haya da su a yankin, tsofaffin motoci ne da aka shigo da su daga Turai, kuma an ƙera su da maganin wannan matsala. Akwai maɓalli mai alamar gilashi da kibiyoyi, wanda ke hura iska kai-tsaye a gilashin gaba. Na'urar sanyaya mota ma tana busar da iska, don haka tana kawar da gumin cikin sauri. Sai dai a motocin haya da dama hita da AC sun daɗe da mutuwa, ko an cire su wajen gyara. Wanda motarsa ke cikin wannan hali, abin da ya rage masa shi ne ya sauke tagar gefe kaɗan, ko da faɗin yatsa biyu, ya kuma ajiye tsumma mai tsabta wanda ba a taɓa goge inji da shi ba. Fasinjoji za su yi ƙorafin sanyi, amma gara sanyi da asibiti.

Daƙiƙa uku

Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan gilashi ya rufe wa direba na daƙiƙa uku kacal, ya yi tafiyar fiye da mita 60 a makance. A ranar kasuwar Maigatari, wadda ke cikin manyan kasuwannin dabbobi na yankin, cikin wannan tazarar ana iya samun amalanken shanu marar fitila, ko garken tumaki, ko ɗan acaɓa da ya ɗauko akuya, ko tirelar da ta tsaya lodi a gefen titi.

Irin wannan fargabar ce ta haifar da waifa tun asali. Wata Ba'amurkiya mai suna Mary Anderson ta ga direban motar haya ta kan dogo a birnin New York yana fama da ƙanƙarar da ta rufe masa gilashi, sai ta ƙirƙiro hannu mai roba da ake juyawa daga ciki, ta kuma samu rajistar ƙirƙirar a 1903.

Abin da direba zai yi

Na farko, kada a kunna waifa a kan busasshiyar ƙura. A fara kwara ruwa mai yawa daga saman gilashi har ƙurar ta gangaro. Ledar fiya wata guda ɗaya ba ta isa ba, taɓo kawai take haɗawa. Kada kuma a yi amfani da ruwan zafi a kan gilashi mai sanyi, musamman idan da ma akwai tsaga, domin tana iya ƙara tsawo nan take.

Na biyu, a cika tankin ruwan waifa da ruwa mai tsabta. Idan 'yan ramukan da ke feso ruwan sun toshe, allura tana buɗe su. Garin omo ba alheri ba ne a tankin: yana barin farin dabbare a gilashi, yana kuma iya toshe bututu.

Na uku, kowace safiya a ɗaga waifa a goge bakin robar da jiƙaƙƙen tsumma. Idan tana tsalle, ko tana ƙara, ko tana barin layi-layi, lokacin canji ya yi. Masu ƙera ta suna ba da shawarar a sauya ta duk wata shida zuwa shekara guda.

Na huɗu, a rufe gilashi da kwali ko tsohon zani idan mota za ta kwana a waje. Direbobin ƙasashen sanyi ma haka suke yi, su ɗaga waifa su rufe gilashi don kada ƙanƙara ta kama. 'Yan Najeriya da ke tuƙin motar rabon kaya a Ingila ko Kanada sukan ƙara da zuba ruwan wanki na musamman mai sinadarin da ba ya daskarewa da wuri.

Na biyar, a cikin hazo a kunna ƙaramar fitila, domin babbar tana dawo wa direba da haske cikin ido. A rage gudu, a bar tazara, kada a wuce mota sai an ga hanya sarai. Wannan shi ne abin da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ke nanatawa duk lokacin hunturu.

Shugabannin ƙungiyar direbobi a tasha suna da rawar takawa: kamar yadda ake duba taya kafin lodi, ana iya duba waifa da tankin ruwanta. Shi ma fasinjan da ke gidan gaba yana ganin abin da direba ke gani. Idan gilashi ya dusashe, yana da haƙƙin ya ce, "Direba, don Allah mu ɗan tsaya a wanke gilashi." Kasuwar Maigatari ba ta tashi da safe, jinkirin minti biyar ba zai hana kowa ciniki ba.