Hankaka, Mai Da Ɗan Wani Naka

Hausawa ba su raga wa hankaka ba. Kirarinsa duk zagi ne: "gabanka fari, bayanka baƙi", sai kuma "mai da ɗan wani naka". Tsofaffi kan ce ba ya yin ƙwai, ɗan wata tsuntsuwa yake satowa ya rena. Ni kuwa a bayan Abbatuwa da ke Fagge na ga hankaka da guntun waya a baki, yana hawa dogon ƙarfen sadarwa zai gyara sheƙa. Wanda ba ya ƙwai, me ya haɗa shi da wannan wahala?

Kakanni dai sun ga wani abu, amma wanda aka cuta suka kama. Akwai wata tsuntsuwa mai tukku da ɗigo-ɗigon fari a fiffike, Turawa na ce mata kuku. Takan faki idon hankaka ta saka ƙwanta a sheƙarsa, ta yi tafiyarta. Shi zai kwanta a kai, shi zai yi ta ɗura wa ɗan abinci. Ajiya aka yi masa ba da saninsa ba.

A 2014 mujallar Science ta buga binciken Daniela Canestrari da abokan aikinta, na shekara 16 a arewacin Sifen. Sun ce ɗan kuku in ya tsorata yakan saki wani baƙin ruwa mai ɗoyi, har kyanwa da shaho su ja da baya, don haka a shekarun da maharan sheƙa suka yi yawa, sheƙar da ke da baƙon ta fi tsira. A 2017 wasu masana suka gwada a kudancin ƙasar, ba su ga haka ba. Kuma hankakan Turai ne, ba namu mai farin ƙirji ba. Ba zan rantse a kai ba, amma raina na so ya zama gaskiya.

Ba mamaki, ɗan Sabon Gari ne ni, unguwar da aka yanka wa baƙi wajen 1913. Bayan gobarar kasuwarmu a Maris 2016, wa'azin da ya zauna mini a rai na Annabi Iliya ne, a 1 Sarakuna sura 17. Hankaki, waɗanda Littafin Firistoci ya lissafa cikin tsuntsaye masu ƙazanta, su ke kai masa gurasa da nama safe da yamma a rafin Kerit. Yana cikin wannan rufin asiri sai rafin ya ƙafe. Dole ya tashi zuwa Zarefat ta ƙasar Sidon, ya sauka gidan wata gwauruwa da ba ta gayyace shi ba, ga shi garin da ya rage mata bai wuce tafin hannu ba, sai ɗan mai kaɗan. Garin bai ƙare ba, mai bai ƙare ba. Ranar da ɗanta ya mutu, wannan baƙon ne ya karɓe shi daga hannunta, ya hau da shi bene, ya sauko mata da shi da rai.