Shirin Musamman: Zanen Ɗalibai a Bangon Aji

Shirin na yau zai duba taswirar bango a makarantun Kafanchan da kewaye, wato babban kwalin da ake zana abu a kai, a rubuta sunayen sassansa, sannan a manna shi a bangon aji domin idon ɗalibi ya riƙa faɗawa a kansa kullum.

Taswirar da ake saye a kantin littattafai ta fi kyan gani, amma wadda ɗalibi ya zana da hannunsa ta fi zama a ƙwaƙwalwa, domin ba ya iya zana abu sai ya ƙura masa ido, ya juya shi, ya ƙirga sassansa. Citta, wadda ake nomawa sosai a Kachia da Jaba da Kagarko, ta isa misali. Yara da yawa da suka tashi cikin haƙar ta suna ɗaukar ta saiwa ce, tunda daga ƙasa ake tono ta, alhali a ilimin tsirrai kara ce da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Idan malami ya ajiye ɗanyar citta a gaban ɗalibai huɗu ko biyar ya ce su zana ta, da kansu za su ga gaɓoɓin da suka zagaye ta, da idanun da tsiro ke fitowa daga gare su, da siraran saiwoyin gaskiya da ke ƙasanta, kuma waɗannan su ne hujjar da littafi ke bayarwa. Bayan cutar da ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, zanen lafiyayyar citta kusa da ruɓaɓɓiya darasi ne da ɗalibi zai kai har gida.

Haka ma zagayen ruwa, wato yadda rana ke ɗaga tururi ya zama gajimare ya dawo ruwan sama, ya fi saurin shiga idan dutsen da ke cikin zanen na Kagoro ne, ruwan da ke gangarowa kuma na Matsirga. Sunayen sassa ana rubuta su da Turanci saboda jarrabawar WAEC da NECO, inda zane da sanya suna ke da maki a darasin nazarin halittu, amma babu laifi a ƙara na Hausa ko Jju ko Tyap a gefe.

Sai dai akwai hatsari: kuskuren da aka manna a bango zai yi ta koyar da kansa har ƙarshen zangon karatu, don haka wajibi ne malami ya duba zanen tun yana fensir, kafin a bi shi da maka. Wannan horo ne da ya kamata ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya su fita da shi zuwa koyarwa. Kayan aikin kuwa ba su da tsada, domin bayan tsohuwar kalanda ma yana wadatarwa, kodayake laimar damina kan ɓamɓare takarda idan ba a rufe ta da leda ba.

Kira ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai shi ne su tanadi kwali da maka a farkon kowane zango, su kuma bar sunayen yaran da suka yi zanen a ƙasan kowace taswira.