Siteran: Sawun Halittun Da a Cikin Duwatsu da Ɗanyen Mai

Siteran sinadari ne da ake samu a ɗanyen mai da duwatsun da taruwar laka ta samar. Asalinsa siterol ne, dangin kolestarol, wanda ke cikin tantanin ƙwayoyin halittar dabbobi da tsirrai da gansakuka. Idan laka ta binne gawar halitta, siterol yakan rasa oksijin ɗinsa, amma ginshiƙinsa mai zobe huɗu yakan wanzu miliyoyin shekaru. Adadin kabon da ke cikinsa shi ke nuna tushensa: rinjayen mai kabon 29 kan yi nuni ga tsirran tudu, kamar yadda ake gani a man yankin Neja Delta.

Sai dai ginshiƙin ba ya zama yadda yake. A inda yumɓu mai tsami ya yawaita, rukunonin metil biyu sukan ƙaura daga gurbi na 10 da na 13 zuwa na 5 da na 14, a sami dayasiteran. Saboda haka yawan dayasiteran kan nuna uwar dutse mai yumɓu, ƙarancinsa kuwa dutsen farar ƙasa. Amma zafin ƙarƙashin ƙasa ma yana ƙara yawansa, don haka ba a yanke hukunci da wannan ma'auni kaɗai.

Akwai kuma haɗarin gurɓata. A 1999 an bayyana samun siteran mai shekaru biliyan 2.7 a Pilbara ta Ostareliya, amma binciken 2015 ya nuna cewa daga waje ya shiga samfurin.