Zaɓen Tsirkiya Ga Bes Ɗin Tsaye Na Lantarki

Babban bes na katako, wanda ake kaɗawa a tsaye a ƙungiyoyin kiɗan Turai da na jaz, kayan kiɗa ne mai ƙaton ciki, tsawonsa ya kai na babban mutum, ɗaukarsa daga gari zuwa gari kuwa wahala ce da kowane makaɗinsa ya sani. Tun a shekarun 1930 wasu masu ƙira a Amurka suka fara tunanin rabuwa da wannan ciki, a bar wuya da tsirkiyoyi kawai, lantarki ya ɗauki nauyin ƙara sauti. Kamfanin Rickenbacker ya fito da irin wannan bes a 1936, Ampeg ya biyo da nasa mai suna Baby Bass a 1962, yau kuma Yamaha na Japan da NS Design na Ned Steinberger suna cikin waɗanda suka yi fice a sana'ar. Sai dai yawancin tsirkiyoyin da ke kasuwa an ƙera su ne domin bes mai ciki, kuma a kansa suka yi suna. Abin da wannan babi ke son tabbatarwa shi ne, sunan da tsirkiya ta yi a kan bes na katako ba ya bin ta zuwa kan na lantarki. Wanda zai zaɓa ya fara da sanin kayan kiɗan da ke hannunsa, sunan kamfani ya zo a ƙarshe.

Dalilin haka yana cikin aikin da ciki yake yi. Duk wanda ya san goge ya san cewa izgar da aka ɗaure ba ta da wata murya ta kirki sai da ƙwaryar da aka rufe da fata, ita ce ke karɓar rawar tsirkiya ta mayar da ita amo. Haka cikin bes yake, amma aikinsa bai tsaya ga ƙara sauti ba. Yana shanye ƙarfin tsirkiya ne ya watsa shi cikin iska, don haka idan aka fizge ta da yatsa sai amon ya fito da nauyi a farko, sannan ya yi saurin lafawa. Wannan dukan na farko da lafawar da ke biye da shi su ne kunne ke ganewa a matsayin muryar bes na tsaye. Na lantarki kuwa, musamman wanda jikinsa sandar katako ce tilo, ba shi da abin da zai shanye ƙarfin, sai tsirkiya ta yi ta rawa ba ta gajiya, amon ya yi ta ja. Ga misali da Spirocore, wadda kamfanin Thomastik-Infeld na birnin Biyana ke ƙerawa: cibiyarta igiyar ƙarfe ce murɗaɗɗiya, kuma makaɗan jaz sun daɗe suna ƙaunarta saboda kaifin muryarta da daɗewar amonta, abubuwa biyun da bes na katako ke ƙarancinsu. A ɗora ta sabuwa fil a kan sandar da ba ta shan komai, sai a tara ja a kan ja, a wayi gari abin ya fi kama da gitar bes fiye da abin da aka saye shi dominsa. Ke nan a bes na lantarki tsirkiya ce ke ɗaukar wani sashe na aikin da ciki ya bari, kuma wanda ke neman tsohuwar murya ya nemi tsirkiyar da amonta ke mutuwa da wuri.

Kafin a kai ga zancen murya ma akwai tambayar da ke iya rufe ƙofa gaba ɗaya: wane irin maɗaukin sauti ne a jikin bes ɗin? Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko na maganaɗisu ne, waya ce aka naɗe a jikin maganaɗisu aka ajiye kusa da tsirkiya, rawar ƙarfe a gabansa ce ke haifar da lantarki. Wannan ba ya jin komai sai ƙarfen da maganaɗisu ke ja. A ɗora masa tsirkiyar hanji ko ta nailan zalla, shiru za a ji. A ɗora masa mai cibiyar roba da aka naɗe da ɗan ƙarfe, wata tsirkiyar ta yi ƙara wata ta yi rauni, gwargwadon ƙarfen da ke jikin kowace. Na biyu shi ne fiyezo, wanda ya dogara da abin da Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano a 1880, cewa wasu duwatsu masu ƙyalli suna fitar da lantarki idan an matsa su. Ana sa shi ne a cikin jaki ko a ƙarƙashinsa, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa, kuma matsi kawai yake ji, bai damu da abin da aka yi tsirkiya da shi ba. Wannan 'yanci ne babba, amma yana da farashi, domin fiyezo ba ya rufa asiri: gogar yatsa, da karon tsirkiya da allon wuya, da kaifin sabon ƙarfe, duka yana kwashewa ya kai lasifika. Shi ya sa tsirkiya mai santsin naɗi ta fi dacewa da shi nesa ba kusa ba fiye da mai kaushi irin ta gitar bes, wadda kuma ke cin allon wuya.

Baby Bass na Ampeg ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin yana nuna yadda kayan kiɗa da tsirkiya da salon kiɗa ke gina juna. Maɗaukinsa na maganaɗisu ne, amma ba tsirkiya yake saurara kai tsaye ba. Ƙafafun jakinsa suna zaune ne a kan faya-fayan ƙarfe marasa kauri, rawar waɗannan faya-fayan ce maganaɗisu ke ji. Sakamakon shi ne amo gajere mai duka kamar na ganga, wanda bai yi wa masu goga baka daɗi ba, amma ya dace da kiɗan salsa har ya zama muryarsa, a hannun irin su Oscar D'León na Benezuwela. A wani ɓangaren kuma ga Eberhard Weber na Jamus, wanda ya gina salonsa a kan bes na lantarki mai tsirkiya biyar da amo mai ja kamar waƙa. Mutum biyu, kayan kiɗa masu suna ɗaya, buƙatu masu karo da juna. Tsirkiyar da za ta yi wa ɗaya hidima za ta ɓata wa ɗayan aiki.

Abu na gaba shi ne tsawo, kuma a nan ne aka fi asarar kuɗi. A bes na katako da aka fi amfani da shi, sashen tsirkiya da ke rawa yana tsakanin santimita 104 da 106. Bes ɗin lantarki da yawa sun riƙe wannan awo, amma wasu an gajarta su zuwa santimita 86, awon gitar bes. Tun a 1636 Marin Mersenne na Faransa ya bayyana dokar da ke ɗaure tsawon tsirkiya da nauyinta da ɗaurinta, kuma bisa wannan doka, idan aka ɗauki tsirkiyar da aka ƙera domin santimita 105 aka ɗaure ta a 86 a kan murya ɗaya, ɗaurinta zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Za ta yi sako-sako, ta riƙa dukan allo. Ko da awon ya yi daidai, sauran aiki bai ƙare ba. Tsirkiyar bes na katako tana da doguwar jela a ƙasan jaki da wani dogon sashe a sama da aka naɗe da zare, shi ne ke zagaya maɗauri. Bes na lantarki sau da yawa ba shi da filin da wannan jela za ta zauna, maɗauransa kuma ƙanana ne. Idan sashen zare ya hau jaki, amo ya mutu. Idan sashen ƙarfe mai kauri ya zagaya ƙaramin maɗauri, cibiya na iya karyewa. Idan aka yanke ta a tsakiyar naɗin ƙarfe, naɗin na iya warwarewa. Saboda irin wannan ne D'Addario ke ƙera tsirkiyoyi musamman domin kayan NS Design. Igiyar awo da aka ɗora daga maƙalin ƙasa zuwa jaki, daga jaki zuwa ƙarshen wuya, daga nan zuwa kowane maɗauri, ta fi shawarar kowane gwani amfani a wannan mataki.

Sai bayan an tsallake waɗannan biyu, wato maɗaukin sauti da tsawo, ne zancen abin da aka yi cibiya da shi ke da ma'ana. Hanjin tunkiya shi ne na asali, muryarsa mai kauri ce, amonsa gajere, ɗaurinsa mai sauƙi a hannu, wato duk abin da sandar lantarki ke buƙata. Amma yana da tsada, yana da kaurin da zai sa a faɗaɗa gurabensa a jaki, kuma yana bin yanayi, ya saki da laimar damina ya ɗaure da bushewar hunturu. Ƙarfe ba ruwansa da yanayi, yana shekaru a jiki. Tsakaninsu akwai masu cibiyar roba irin su Obligato da Evah Pirazzi na kamfanin Pirastro, da Zyex na D'Addario, waɗanda ke kwaikwayon taushin hanji ba tare da rigimarsa ba. A ganina, ga mai fiyezo da ke son muryar bes na katako, nan ya kamata ya fara dubawa. Mai goga baka kuma yana da zaɓi na huɗu, wato tsirkiyoyin ƙarfe da aka ƙera domin manyan ƙungiyoyin kiɗa, irin su Flexocor: an cusa musu abin da ke danne rawa tsakanin cibiya da naɗi domin baka ya kama su da sauƙi. Makaɗan jaz kan ƙi su a bes na katako don amonsu ba ya ja idan an fizga, amma wannan aibin nasu a can shi ne alherinsu a nan.

Ana iya cewa duk wannan wahalar banza ce, tunda amfilifaya na da maɓallan rage kaifi da ƙara kauri. Akwai gaskiya a ciki: fiyezo da aka haɗa da na'urar da ba ta dace da shi ba zai yi siririyar murya ko da wace tsirkiya aka sa masa, kuma gyara wannan ya fi sayen sabuwar tsirkiya araha. Amma maɓalli yana gyara launin sauti ne, ba ya gyara tafiyarsa cikin lokaci. Zai iya dushe kaifi, ba zai sa amon da ke jan daƙiƙu da yawa ya yi duka ya lafa ba, kuma ba zai canza yadda tsirkiya ke amsa wa yatsa ko baka ba. Wasu kuma za su ce murya a hannun makaɗi take, gwani zai fitar da ita daga kowace tsirkiya. Wannan ma gaskiya ce, sai dai hannu yana aiki ne da abin da aka ba shi. Ɗaurin tsirkiyoyin ƙarfe huɗu a haɗe ya haura kilo 100. A bes na katako ana jure wannan nauyi ne domin a tilasta wa ƙaton ciki ya motsa. A na lantarki babu cikin da za a tilasta wa, lasifika ce ke bayar da ƙara, don haka makaɗin da ke azabtar da yatsunsa da tsirkiya mai tsananin ɗauri yana biyan kuɗin abin da ba ya amfana da shi. Shi ya sa mai sauƙin ɗauri, irin wadda Thomastik ke kira Weich, ta fi ma'ana a nan, wasu ma sukan sayi tsirkiyoyin da aka ƙera domin a ɗaure su sama da murya ɗaya, su sassauta su zuwa ɗaurin yau da kullum don su sami taushi.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne mafi nauyi, kuma ban ga dalilin kauce masa ba: me ya sa dole bes na lantarki ya kwaikwayi na katako? Ba dole ba ne. Weber bai kwaikwaya ba, kuma wanda ke son dogon amo mai kaifi ya ɗauki Spirocore da hujjarsa. Abin da hujjar wannan babi ta hana shi ne a ɗauke ta don kawai an ji ta a hannun wani gwani a kan wani kayan kiɗa dabam. Sannan a yi wa kowace sabuwar tsirkiya adalci: ta ƙarfe tana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kafin kaifinta ya kwanta, mai cibiyar roba tana kwanaki tana miƙewa kafin ta tsaya a murya, kuma ba ta son a riƙa cire ta ana mayarwa. Mai karatu da ke shirin saye ya duba maɗaukin sautinsa tukuna, ya auna tsawo da igiyar awo, ya yanke wa kansa ko yatsa ne ko baka zai fi amfani da shi, sannan ya tambayi farashi.