Horar da Ɗan Kwikwiyo Mai Farauta da Ido

Masana sha'anin karnuka sun kasa karnukan farauta kashi biyu manya. Akwai masu farauta da hanci, waɗanda kan duƙar da kai ƙasa su bi sawun dabba sannu a hankali, ko da za su wuni suna binta. Akwai kuma masu farauta da ido, waɗanda kan ɗaga kai su hangi motsi daga nesa, su kwasa da gudu su cim ma abin cikin ɗan lokaci kaɗan. A kan 'ya'yan wannan kashi na biyu za mu yi bayani a wannan karo, domin horonsu ya sha bamban da na sauran karnuka, kuma sakaci a cikinsa yakan jawo asarar ran karen, ko kuwa ɓacin zumunci tsakanin mai shi da maƙwabta.

Cikin danginsu akwai Girehawun da ƙaraminsa Wifet na ƙasar Ingila, da Borzoyi na Rasha, da Saluki na ƙasashen Larabawa da Iran, da Sulugi na Afirka ta Arewa. Akwai kuma wanda masu sauraronmu na Nijar da Mali suka fi sani, watau karen Abzinawa na kwarin Azawak, wanda aka fara kaiwa Turai a farkon shekarun 1970, har babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin irin da ta amince da su a 2019. Duk ƙirarsu guda ce: dogayen ƙafafu, ƙirji mai zurfi, shafaffen ciki, da tsukakken kai mai dogon baki.

Wannan dogon baki yana tafe da wata baiwa a cikin ido. A 2004 wani masani mai suna Paul McGreevy na Jami'ar Sidni a Ostareliya, shi da abokan aikinsa, sun nuna cewa ƙwayoyin gani da ke can bayan idon kare mai dogon baki a jere suke a kwance, kamar zare daga wannan gefe zuwa wancan, alhali na kare mai gajeren baki sun fi taruwa wuri guda. Saboda haka mai dogon baki ya fi saurin lura da abin da ya gilma can gefen fili. Ga kuma gudu. Girehawun yakan kai wajen kilomita 70 a awa, watau kusan mita 19 a sakan ɗaya. Kafin mai shi ya gama kiran sunansa sau biyu ya riga ya kai bakin titi. Daɗin daɗawa, shekara da shekaru maharba suna zaɓen karen da ba ya jiran umurni in ya ga zomo, domin wanda ya tsaya duban ubangijinsa ya rasa zomon. Ashe wannan hali da ake kira taurin kai, mutane ne suka dasa shi da hannunsu.

Malaman fikihu sun daɗe da gane inda matsalar take. Da suka zo bayanin horarren kare wanda aka halatta cin abin da ya kamo, kamar yadda aka ambata a Suratul Ma'ida, sai suka kawo sharuɗɗa: in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya, da yawansu kuma suka ƙara da cewa kada ya ci daga abin da ya kama. Sharaɗi na farko ba ya bukatar wahala ga mai farauta da ido, da shi aka haife shi. Aikin duka yana ga na biyu. Iyakar horon ɗan kwikwiyon nan ke nan a taƙaice: a koya masa ya komo in an kira shi, ya kuma dubi mai shi kafin ƙafafunsa su ɗauke shi.

Yaushe za a fara? Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, bincike kuma ya gaskata su. Waɗansu masana biyu na Amurka, Scott da Fuller, sun shafe shekaru suna nazarin 'yan kwikwiyo a garin Bar Harbor, suka fitar da sakamakonsu a 1965. Sun gano cewa daga mako na 3 zuwa wajen mako na 12 ne kwikwiyo ya fi saurin sabawa da abin da ya gani, bayan haka sai tsoron baƙon abu ya fara rinjaye. Da yake a bisa al'ada yana da mako 8 ake raba shi da uwarsa, ɗan abin da ya rage wa sabon mai shi bai wuce wata guda ba. A cikin watan nan ya kamata ya saba da yara, da baƙi, da ƙarar mota, da kaji, da kyanwa, da awaki, yana ɗaure da igiya, ana yaba masa duk lokacin da ya dube su ya kau da kai. Abzinawa suna samun wannan a sauƙaƙe, domin kwikwiyonsu a tsakiyar garke yake buɗe ido, ya tashi yana gadin akuyar da wani kare zai kora. Sai dai kada a haɗa shi da karnukan titi kafin ya gama allurar rigakafi, a ƙasashen da ake fama da ciwon haukan kare kuma a yi masa allurarsa in ya kai wata 3.

Darasi na farko sunansa ne. A faɗi sunan sau ɗaya, da ya waiwayo a miƙa masa ɗan yankan dafaffiyar hanta ko nama wanda bai wuce ƙwayar wake ba. Ban da kilishi da tsire, domin yaji yana ɓata masa ciki, albasa kuwa guba ce ga kare. Sirrin yana ga saurin bayarwa: ladan da ya makara da 'yan sakanni, kwikwiyo ba zai san na mene ne ba. Kada darasi ya wuce minti 3 zuwa 5, amma a maimaita sau uku ko huɗu a yini, kafin cin abinci. Irin wannan kare yana saurin gundura, in aka sa shi abu guda sau goma sai ya juya baya ya kwanta.

Daga suna sai kira. A zaɓi kalma guda, alal misali "zo", ko fito iri ɗaya, kowa a gidan ya riƙe ta. A fara a cikin ɗaki, taku biyu tsakani, sa'an nan tsakar gida, sa'an nan fili, amma a fili sai da doguwar igiya mai mita 10 ko fiye, a ɗaura ta a ɗamarar ƙirji domin kada fizga ta ji masa a wuya. Akwai ƙa'idodi huɗu da ba a karya su. Kada a kira shi don a hukunta shi ko a yi masa abin da ya ƙi, kamar wanka. In haka ta kama a je a ɗauko shi. Kada a yi ta nanata kalmar yana ƙin ji, domin yin haka koya masa ne cewa kiran ba shi da nauyi. Kada a bi shi da gudu, domin ba za a kama shi ba, shi kuwa wasa zai ɗauka. A maimakon haka mai shi ya juya ya ruga wani gefe, sai halin kora ya jawo kwikwiyon ya biyo shi. Ta huɗu, in ya zo a ba shi lada a sake shi ya koma wasansa, sau da yawa, domin kada ya ɗauka cewa kowane kira ƙarshen jin daɗi ne.

Tafiya da igiya ma tana da nata tsari. Da yake kansa bai kai wuyansa kauri ba, abin wuya na sauran karnuka yakan zame masa in ya ja da baya. Don haka ake yi masa mai faɗi, wanda kan ɗan tsuke in an ja, amma yana da iyaka, ba ya shaƙewa. In ya ja igiya a tsaya cik, in ta yi sako-sako a ci gaba. Game da zama kuwa, kada a matsa. Da yawansu, musamman Girehawun, ba sa jin daɗin zama a kan gindi saboda tsawon ƙafa da kaurin cinya. Koya masa "tsaya" da "kwanta" da "bari" ya fi amfani, kuma a shimfiɗa masa buhu ko tabarma, domin ba shi da kitse ko gashi mai yawa da zai kare ƙashinsa daga sanyin daɓe.

Wani zai ce ai bulala ta fi sauri. To, bulala tana iya hana kare abin da yake yi a gaban mai shi, amma ba ta iya jawo shi daga nisan mita 200. Karen da ya san hannun ubangijinsa yana duka, in ya ji kira sai ya auna, ya ga nesa ta fi masa lafiya, ga shi kuma ya fi kowa gudu. Waɗannan karnuka suna da saurin tsorata da riƙo, Azawak da Saluki kuma ba sa sakin jiki da wanda ba su amince da shi ba. Tsawa guda mai tsanani tana iya rushe aikin mako biyu.

Daga wajen wata 6 zuwa shekara ɗaya da rabi mai kare zai ga kamar an sauya masa shi: kiran da yake amsawa jiya, yau ya yi kunnen uwar shegu da shi. Lokacin balaga ne, a lokacin ne kuma sha'awar kora take cika. Magani shi ne a koma ga doguwar igiya da lada mai daɗi, ba tare da fushi ba. A kuma ba shi inda zai huce gudunsa, a fili mai shinge, amma kada a tilasta masa doguwar tsere kafin ƙasusuwansa su gama ƙwari bayan ya shekara. A Ingila da Wales, inda dokar 2004 ta haramta sakar wa zomon daji karnuka, har shahararriyar gasar Kofin Waterloo da aka fara a 1836 ta ƙare a 2005, masu irin karnukan nan sukan sa su bin farar leda da inji ke ja a kan igiya. Mai kare a Kumasi ko Jidda yana iya yin kwatankwacin haka da tsumma a bakin sanda da igiya, ya haɗa da darasi: sai ya ce "kama" za a kama, in ya ce "bari" a saki.

A ƙarshe, gaskiya ɗaya ce ya kamata mai karatu ya riƙe. Komai kyawun horo, ba ya kankare halitta. Ko ƙwararrun masu kiwon karnukan nan ba sa sakinsu kusa da titi ko garken tumaki. A Ingila tun 1953 laifi ne kare ya kori dabbobin kiwo a gona, dokar 1971 kuma ta ba manomi kariya in ya harbe shi don ceton dabbobinsa alhali babu wata hanya. A ƙauyukanmu ma karen da ya saba da kama kajin mutane ba ya tsufa. Saboda haka horo da igiya tare suke tafiya. Wanda ya ba kwikwiyonsa minti goma sha biyar a kullum cikin shekararsa ta farko, ran da barewa ko kyanwar maƙwabci ta gilma, yana da kyakkyawan zaton karen zai waiwayo in ya ji sunansa. Wanda ya bari sai ranar, to, ba a fafe gora ranar tafiya.